Da na sani ƙeya ce: mai horarwa, ƴan kallo da ma'aunin adalci

Duk wanda ya taɓa zama cikin ƴan kallo a zauren wasanni na Palais du 29 Juillet da ke Yamai, ko a bakin filin ƙwallon kwando na wata makaranta, ya san abin da ke biyo bayan usur na ƙarshe idan an sha kaye da maki ɗaya ko biyu. Kafin ƴan wasa su gama share gumi an riga an kafa kotu. A bakin ƙofa ake buɗe shari'ar, a ƙarasa ta da dare a fada, kan butar shayi. Wanda ake tuhuma kuwa kusan kullum mutum ɗaya ne, wato mai horarwa: don me ya fitar da wane a minti na ƙarshe, don me ya bar wane zaune a benci, alhali kowa ya ga abin da zai faru?

Wannan kalma ta “kowa ya gani” ita ce abin dubawa a nan. Shin adalci ne a auna shawarar mutum da abin da ya biyo bayanta? Tambayar ta wuce filin wasa. Ta shafi malamin makaranta, da shugaban ƙungiya, da duk wanda aka ɗora wa yanke hukunci a kan wasu alhali bai san gaibu ba. Sai dai ƙwallon kwando ta fi sauran wasanni fito da ita fili. Mutum biyar-biyar ne kawai ke wasa, doka kuma ta ba mai horarwa damar canjin ƴan wasa idan an tsayar da agogo, kuma wanda ya fita yana iya dawowa. Saboda haka minti ɗaya na ƙarshe yana iya ɗaukar shawara biyar ko shida, kowace da hannun mutum ɗaya a kanta. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Sakan 28 a Mayami

Ranar 18 ga watan Yuni na 2013, a birnin Mayami na Amurka, aka yi karawa ta shida a wasan ƙarshe na gasar NBA tsakanin San Antonio Spurs da Miami Heat. Wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke ɗaukar kofi, kuma San Antonio na da uku, Mayami na da biyu. A Yamai asuba ta kawo jiki lokacin da wasan ya zo ƙarshe. Ana saura sakan 28, San Antonio na gaba da maki 94 da 89. Ma'aikata sun fara kewaye fili da igiya domin bikin ba da kofi, wasu magoya bayan Mayami har sun kama hanyar gida.

A nan ne mai horar da San Antonio, Gregg Popovich, ya fitar da Tim Duncan, ya sa Boris Diaw, Bafaranshe ɗan asalin Senegal ta wajen uba. Duncan dogo ne mai mita 2 da santimita 11, shi ne ginshiƙin da ƙungiyar ta ci kofi huɗu da shi a 1999, 2003, 2005 da 2007, kuma a daren nan ya ci maki 30, ya cafke ƙwallo sau 17 bayan ta daki kwando ta dawo. LeBron James ya yi jifa daga nesa, bai shiga ba. Ƙwallon ta koma hannun ƴan Mayami, aka sake ba shi, ya jefa ta shiga, maki uku. Aka yi wa Kawhi Leonard na San Antonio ƙeta, aka ba shi jifa biyu ba mai tarewa, ya ɓarar da ɗaya ya ci ɗaya, aka koma 95 da 92, saura sakan 19. Popovich ya sake fitar da Duncan. James ya sake jifa bai samu ba, Chris Bosh ya yi tsalle ya cafke, ya miƙa wa Ray Allen a lungun fili, shi kuwa ya ja da baya ya jefa, ta shiga ana saura sakan 5. Kunnen doki. A ƙarin lokaci Mayami ta ci 103 da 100, bayan kwana biyu kuma ta ci karawa ta bakwai 95 da 88, ta ɗauki kofi.

Hujjar masu suka a fili take, kuma tana da nauyi. Sau biyu ƙwallo ta dawo daga kwando, sau biyu mutumin da ya fi kowa iya cafke ta yana zaune. Na farko ya isa gargaɗi. A karo na biyu ma Bosh, dogon Mayami, yana cikin fili, ga wanda Duncan zai tsare ke nan. Wasu suka ƙara da cewa da an yi ƙeta da gangan tun kafin a yi jifa, da abin da Mayami za ta samu bai wuce maki biyu ba.

Hujjar mai horarwa ita ma tana da ƙafafu. Wanda ake bi maki biyar ko uku a irin wannan lokaci jifan nesa kawai zai nema, saboda haka haɗarin yana can bakin layi, nesa da gindin kwando. Duncan yana da shekara 37, bin masu gudu a bakin layi ya fi ƙarfin ƙafarsa. Diaw ya fi shi saurin juyawa. Kuma Popovich bai ƙago dabarar a daren nan ba, ya saba yin ta a irin wannan hali. Har ma ta biya rabin buƙata, domin sau biyu jifan farko na James bai shiga ba. Sa'an nan kafin San Antonio ta rasa wannan wasa sai da abubuwa shida suka haɗu: jifa biyu na kyauta da suka ɓace, ɗaya a hannun Manu Ginóbili ɗaya a hannun Leonard, da ƙwallo biyu da suka faɗa wajen abokan karawa, da jifan nesa biyu da suka shiga. Da ɗaya daga cikin jifan kyautar nan ya shiga, da jifan Allen bai isa ya kawo kunnen doki ba, kuma da babu mai tuna cewa an taɓa fitar da Duncan. Shawarar tana nan yadda take. Labarin da ake bayarwa a kanta ne zai canza.

Idon da ke ƙeya

Bahaushe ya ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Yawanci ana kawo karin maganar domin a ja kunnen mai gaggawa. Amma tana da wata fuska da ta shafi ɗan kallo: sanin da ya zo bayan aukuwar abu yakan yi shigar sanin da aka riga aka mallaka. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1975 Baruch Fischhoff ya ba mutane labarin yaƙin da Turawan Ingila suka yi da mayaƙan Gurka na ƙasar Nepal a 1814. Ya raba su kashi-kashi, ya faɗa wa kowane kashi ƙarshen labari dabam, ya ce su ƙiyasta wane ƙarshe ne ya fi kusa da aukuwa tun farko. Kowane kashi ya karkata ga ƙarshen da aka faɗa masa, ya kuma samo dalilansa cikin labarin guda. A 1988 Jonathan Baron da John Hershey suka yi wani gwajin: suka ba ɗalibai labarin likitan da ya yanke shawarar yi wa mai ciwon zuciya aiki, haɗarin aikin sananne ne, bayanan duka iri ɗaya. Inda aka ce majinyacin ya rayu, sai ɗaliban suka yaba shawarar. Inda aka ce ya rasu, sai darajarta ta ragu a idonsu.

Ke nan ɗan kallon da ya rantse cewa ya ga abin yana zuwa ba lalle ne maƙaryaci ba. Zuciyarsa ce ta gyara masa tunawa. A cikin minti na ƙarshe ya ji tsoron abubuwa goma. Guda ya auku, sai ya manta da taran. Mai horarwa kuwa goman nan duka ya auna a lokaci ɗaya, da agogo a kansa, kuma ba shi da ikon toshe ƙofa goma da mutum biyar.

To, ko wannan na nufin a daina tambayar masu yanke shawara, a jingina komai ga sa'a? Da haka ne, da sakaci ya sami mafaka. Akwai shawarar da ta cancanci zargi, kuma tarihin wasanni na Nijar kansa ya tanadi misali mai kyau na bambancin, ko da yake a ƙwallon ƙafa ne.

Daga Nelspruit zuwa Libarbil

A wasannin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, Mena ta faɗa rukuni ɗaya da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Masar ce ta ci kofin sau uku a jere, a 2006, 2008 da 2010. A filin wasa na Janar Seyni Kountché, cikin watan Oktoba na 2010, Mena ta doke ta da ci ɗaya mai ban haushi ta ƙafar Moussa Maâzou, daga baya kuma ta doke Saliyo da Afirka ta Kudu a wannan fili. Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, Mena na shan kashi a Alƙahira, inda aka tashi 3 da 0, Afirka ta Kudu kuma na karawa da Saliyo a Nelspruit. Da labarin Alƙahira ya iso, mai horar da Afirka ta Kudu, Pitso Mosimane, ya tsara ƴan wasansa su riƙe canjaras, a zatonsa yawan ƙwallaye ne zai raba gardama idan maki ya zo ɗaya. Aka tashi babu ci, ƴan wasa suka yi ta rawa a fili. Ashe dokar gasar ta ce sakamakon karawar da ƙungiyoyin suka yi tsakaninsu ake dubawa. Ƙasashe uku suka tashi da maki tara-tara, lissafin tsakaninsu ya ba Nijar shida, sauran biyu biyar-biyar. Haka Mena ta sami shiga gasar karo na farko a tarihinta.

Popovich da Mosimane duka sun yanke shawara a ƙarshen wasa, duka kuma sun yi hasara. Amma abin da ya kayar da na farko, wato inda ƙwallo za ta nufa bayan ta daki ƙarfe, babu mahalukin da zai iya saninsa kafin ya faru. Abin da ya kayar da na biyu kuwa a rubuce yake cikin takardar dokokin gasa tun kafin a buga wasan farko. A nan ne iyakar take. Ana tuhumar mutum da abin da ya sani da abin da ya wajaba ya nema ya sani. Abin da ya wuce haka yana hannun Mai Sama. Kuskuren ma bai zama ƙarshen mutumin ba, domin Mosimane ya ci kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka sau uku daga baya, a 2016, 2020 da 2021.

Labarin bai tsaya nan ba. Harouna Doula, wanda ya kai Mena ga wannan matsayi, shi hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓa gwarzon mai horarwa na shekara cikin watan Disamba na 2011. Bayan wata guda, ranar 23 ga Janairu 2012, Gabon mai masaukin baƙi ta ci Mena 2 da 0 a Libarbil, sai ragamar ƙungiya ta koma hannun Rolland Courbis, Bafaranshen da aka ɗauko a matsayin mai ba da shawara. Tunisiya ta ci 2 da 1 a mintin ƙarshe, Maroko ta ci 1 da 0. Ilimin Doula na watan Janairu shi ne iliminsa na watan Disamba. Ma'aunin sakamako ne ya ɗaga shi sama, shi ne kuma ya sauke shi cikin minti casa'in. Wanda ya yi adalci zai tuna cewa Mena ta ci wasanni uku a gida da guminta, ta faɗi uku a waje, kuma kuskuren wani ya taimaka mata. Yabo da zargi duka suna buƙatar awo.

Lada biyu da lada ɗaya

Malaman fiƙihu sun daɗe da tsara wannan mas'ala. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Amru ɗan Asi ya nuna cewa alƙalin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya dace yana da lada biyu, wanda ya yi ƙoƙarin ya kuskure kuma yana da lada ɗaya. Masu sharhi, irin su Imam Nawawi, suka gindaya sharaɗi: wannan ga wanda ya cancanci yin hukunci ne. Wanda ya hau kujerar ba da sani ba, yana da laifi ko da hukuncinsa ya faɗa daidai, domin dacewarsa katari ce. Ma'aunin ke nan mai ƙafa biyu. Ya wanke mai ƙoƙarin da sa'a ta juya wa baya, ya kuma ƙi wanke mai sakacin da sa'a ta rufa wa asiri. Kotun fada ta saba da juya wannan: ba ta bincikar wanda ya ci nasara, ba ta sauraron wanda ya faɗi.

Duk da haka akwai abin da ya rage wanda hujja ba ta sharewa. A 1976 masana falsafa biyu, Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka, suka tattauna yadda sa'a ke kutsawa cikin hukuncin ɗabi'a. Williams ya kawo misalin direban babbar mota da ya take yaro ba da laifinsa ba. Jama'a za su rarrashe shi, su ce ba shi da alhaki, kuma gaskiya suka faɗa. Amma da zai karkaɗe riga ya tafi kamar ɗan kallo, da an yi shakkar mutuntakarsa. Abin ta hannunsa ya bi, kuma akwai ɗacin da ke kan wanda abu ya bi ta hannunsa ko da shari'a ta sallame shi. Haka mai horarwa yake. Ba a neman ya amsa laifin da bai yi ba, amma ana neman ya ɗauki nauyin, ya tsaya tsakanin ƴan wasansa da bakin duniya, kada ya nuna yaron da ya ɓarar da jifa. An ba da labarin cewa a daren nan na Mayami Popovich ya tara ƴan wasansa da iyalansu wurin cin abinci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwantar musu da hankali, da kakar wasa ta zagayo kuma ya zaunar da su suka kalli hoton wasan tare. Rarrashi ya fara zuwa, bincike ya biyo baya, kowane a lokacinsa.

Abin da ya shafi makaranta da ƙungiya

Malamin makaranta ya san wannan kujera ko da bai taɓa riƙe ƙwallo ba. A ƙarshen shekara majalisar malamai takan zauna kan yaron da makinsa ke bakin iyaka: a wuce da shi ko ya maimaita aji? Idan an wuce da shi ya ci BEPC, sai a ce malamai sun yi hangen nesa. Idan ya faɗi, sai a ce sun yi ganganci. Shugaban ƙungiyar al'adu yakan zaɓi wanda zai fito a babban matsayi ranar wasan kwaikwayo, tsakanin gogaggen da muryarsa ta dushe da sabon da bai taɓa tsayawa gaban taro ba. Kowannensu yana da nasa sakan 28.

Haɗarin auna shawara da sakamako kaɗai shi ne yana koya wa masu shawara tsoro. Mai horarwar da ya san za a tsige shi idan dabararsa ta ci tura zai bar tauraro a fili ko da ya ga ƙafarsa ta mutu, domin babu mai zarginsa a kan haka. Makarantar da ake auna ta da yawan waɗanda suka ci jarrabawa kawai tana iya faɗawa cikin jarabar hana raunanan ɗalibai zama jarrabawar, domin lissafinta ya yi kyau. A duka biyun an zaɓi abin da ke kare mai shawara, an bar abin da ke amfanin waɗanda aka ba shi amana. Jama'ar da ke hukunta kowane kaye ita ce ke reno irin waɗannan shugabanni, sa'an nan ta dawo tana kukan rashin masu ƙarfin zuciya.

A wasan makaranta ma akwai ƙari. Malamin wasanni da ya yi wa yaro alkawarin zai shiga fili, ya cika alkawarin ana saura minti biyu, aka kuwa sha kaye, mai yiwuwa ya san sarai abin da yake sayarwa da abin da yake saye. Kafin a ce ya yi kuskure sai an tambayi abin da aka ɗauke shi ya yi, cin kofi ko tarbiyya.

Saboda haka tambayar mai horarwa haƙƙi ne na ƴan kallo da iyaye da hukuma, shi kuma wajibinsa ne ya ba da amsa ba tare da ɗagawa ba. Abin da ake nema shi ne tambayar ta fuskanci lokacin da aka yanke shawarar. Me ya sani a sa'ar nan, me kuma ya kamata ya sani? Waɗanne hanyoyi ne a gabansa, kuma wace ƙofa kowace za ta bari a buɗe? Ya saba yin haka bisa dalili, ko firgita ce ta tura shi? Sa'an nan mai tambaya ya juya ga kansa: da ƙwallon ta faɗa ɗaya gefen, zai tayar da maganar? Idan amsar a'a ce, to da sa'a yake faɗa, mai horarwa kawai ya samu kusa.

A watan Yuni na 2014 ƙungiyoyin nan biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe. San Antonio ta ci huɗu, Mayami ɗaya. Diaw, wanda aka yi ta tambayar dalilin sa shi, ya shiga cikin biyar na farko tun daga karawa ta uku, Leonard da ya ɓarar da jifa yana ɗan shekara 21 kuma shi aka zaɓa gwarzon wasannin. Masu son Popovich suka ce nasarar ta wanke shi. Wannan ma komawa ce ga tsohon ma'auni. Kofin 2014 bai ƙara wa shawarar 2013 daidaito ba, kamar yadda jifan Allen bai rage mata ba. Darajarta tana cikin abin da mutumin ya sani da abin da ya auna a lokacin da agogo ke nuna sakan 28, kuma a wannan ma'auni ne ya kamata a ɗora malamin aji, da shugaban ƙungiya, da mai horar da yaran unguwa.